Daga Shawa Zuwa Tarwaɗa

Ku da kuke zuwa bakin rumfata kuna ɗaukar hoton duro, kuna cewa ai banda ba wani aiki ba ne, a hura wuta a ɗora kifi a koma gefe ana danna waya, ku jawo benci ku zauna. Jiya na ji ɗan maƙwabcina yana cewa da ya gama bautar ƙasa zai buɗe tasa, wai ya ga yadda ake yi a bidiyo. Ban ga laifinsa ba. Bidiyo ba ya shiga ido da hayaƙi.

Sunana Sale, amma in kuka nemi Sale a nan Agege sai ku wuni kuna yawo. Baba Eja ake ce mini, wato baban kifi da Yarbanci. Mutumin Gumel ne ni, inda in ruwa ya kai wa mutum gwiwa sai a yi mako ana labari. Dako ne ya kawo ni Ikko. Ina ɗaukar kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12, wata rana wata mata gajera mai ƙatuwar murya ta sayi barkono, na kai mata mota. Ta dubi damatsana, ta ce tana neman mai faskare. Da na ji akwai abinci safe da rana da yamma, ban ma tambayi inda za mu ba. Ita ce Iya Senami, 'yar ƙabilar Egun, mai banda a gaɓar teku can bayan Badagiri, kuma ita ta koya mini duk abin da nake ci da shi yau.

Ranar da na fara ganin teku, tsayawa na yi ina neman ɗaya gaɓar. Da ban gan ta ba, na ce a raina wannan kogi ya cika da yawa, bari ya janye tukuna. Azahar ta yi, na tsuguna na kamfato ruwa zan yi alwala, na kai baki. Abin da na furzar ya kusa isa Kwatano. Matan banda suka yi ta dariya har wata ta zauna cikin daron kifi. Malam ɗin ma ba sa iya faɗa daidai, Mola suke cewa, to daga ranar na zama Mola Gishiri.

Na daɗe ban taɓa kifi ba. Itace kawai. Iya ta ce wanda bai san itace ba bai san banda ba, domin kifi abin da ka ƙona a ƙarƙashinsa shi yake kai wa bakin mai ci. Itacen mangwaro yana ba da ƙanshi. Ɓawon kwakwa yana ba da launi, ja mai sheƙi. Dusar katako ita ke kwantar da wuta ta bar hayaƙi kawai. Katakon da aka taɓa yi wa fenti kuwa, in ka kuskura ka sa shi, mai miya za ta biyo ka har gida. Sauran kayan aikin ba su da yawa: duron ƙarfe da aka fasa wa ƙofa a gindi, ragar waya hawa-hawa, wuƙa, gishiri, tsinkaye, da tsohon buhu na rufewa. Duk za ku iya saye a wuni ɗaya. Abin da ba a sayarwa shi ne hanci.

Kifin da muke yi a lokacin shawa ce da agbodo. Shawa siririya ce mai sheƙi kamar sabon kwano, ga ƙaya kamar an zuba mata allurai, amma duk miyar da ta shiga ta gama magana. Ranar farko da Iya ta bar mini duro, tsakiyar damina ne, shawa ta yi ƙiba har tana santsi a hannu. Na jera ta tsaf, na hura wuta irin ta dafa wake, na leƙa kaina ciki don in ga yadda take yi. Man kifin ya ɗiga kan garwashi. Ban ji komai ba sai fuu! Da na ɗago, babu gira, babu gashin ido, ɗan gemun da nake tattali ya tafi. Iya ta sheƙo da gudu, ta ture ni gefe, ta fara duba kifinta ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta gama ta waiwayo.

"Mola, gira za ta sake fitowa," in ji ta. "Kifi ba ya sake fitowa."

Wancan man da ya cinye mini fuska, daga sanyi yake zuwa. Kun san lokacin nan na watan Agusta da ruwan sama kan ɗan tsagaita, gari ya yi luf, iska mai sanyi ta riƙa busowa daga teku? A da, in lokacin ya yi, Iya takan tura ni da sassafe in shiga ruwa zuwa ƙwauri. In na fito ina rawar haƙora, sai ta tafa hannu ta ce a ƙaro itace, a ɗinke raga, a kira 'yan'uwa daga ƙauye. Ruwan yakan sauya launi, ya koma kore-kore kamar miyar kuka da ta sha ruwa. Ba a jimawa kwale-kwale za su fara dawowa a nutse har baki. Kifi yakan yi yawa har a rasa mai ɗauka. Karnukan gaɓa ma sai sun zaɓa.

A nan na san Kofi. E, Kofi, kamar na shan shayi. Masunci ne mutumin Gana, dogo, baƙi wuluk, yana da kwale-kwale mai inji da mutanensa. Ya tashi kusa da zangon Hausawa na garinsu, don haka yana jin Hausa, irin tasu wadda ba ruwanta da mace da namiji. Matarsa ma "ya zo" ce, "ya tafi" ce. Da Iya ta sallame ni na dawo Agege na kafa rumfata, Kofi ne ya ci gaba da ba ni kifi. Nakan yi bandar a can gaɓa, in ɗauro kwanduna a kan mota in kawo.

Masu saye iri-iri ne. Akwai mai latsa kowane kifi da babban yatsa har ta fasa biyar, sannan ta ce ba ta ga mai kyau ba. Akwai mai cewa ɗanɗanawa take, ta cinye guda har kai. Amma babbarsu ita ce Hajiya Asabe mai abincin biki. Haifaffiyar Agege ce, kakanta fataucin goro ya kawo shi. Takan fara zance da Hausa, ta bi ta Yarbanci, ta sauka da Turanci, kuma duk a cikin faɗa ɗaya. Ba ta latsa kifi. Ɗauka take ta kai hanci, ta lumshe ido, ta gaya maka itacen da ka ƙona. Inda ta sayi kifi, nan duk masu abincin unguwa suke saye.

Abin bai lalace rana ɗaya ba, shi ya sa ba wanda ya yi ihu. Sanyin nan ya fara makara. Wata shekara ya zo ya yi 'yan kwanaki ya tafi kamar baƙon da aka ɓata wa rai. Wata shekara sai ka shiga ruwa ka fito, ka rasa ko sanyi ne ko kai ne kake so ya zama sanyi. Ni a bakin duro na fara ganewa. Shawa ta daina ɗiga. Ka jera ta, ka hura wuta, ka sa fuska yadda kake so, ba abin da zai same ka. Kifin ya rame, ya ƙanƙance, in ya bushe sai ya zama kamar ɓawon rake. Kofi kuma kullum sai ya ƙara nisa kafin ya samu, ga manyan jiragen kamun kifi suna share abin da ya rage. Muka riƙa cewa baɗi za ta gyaru. Iya Senami ta rasu tana cewa baɗi.

Sai shekarar da ba na mantawa. Agusta ya shigo, ya raba tsakiya, ina zuwa gaɓa ina dawowa da kwando wayam. A daidai lokacin aka yi wa Hajiya Asabe jika na farko, kuma kafin a yanke cibiya ta riga ta sanar da Agege kaf cewa ranar suna za a ci miyar ganye da shawar Baba Eja. Ta zo rumfata da kanta, ta ƙi zama.

"Baba Eja, ka saurare ni da kyau. Surukaina daga Mushin za su zo, kuma ka san bakinsu. In ka kunyata ni ranar nan, ko ƙayar kifi ba zan ƙara saya a hannunka ba. In na juya kuwa, ka san su wa za su juya. Sho gbo?"

"Na ji, Hajiya."

"Kar ka ce mini teku. Ni ba da teku na yi magana ba, da kai na yi."

Na kama hanyar Badagiri da zargi fal cikina. Wani ya taɓa raɗa mini cewa masunta suna sayar wa matan cikin gari kifi tun a kan ruwa, su dawo gaɓa suna marairaicewa. Na samu Kofi yana ɗinkin taru, na ce masa abin da ke raina ba tare da kwana-kwana ba. Bai yi fushi ba. Ya cije zare ya tofar.

"Malam, gobe ka zo mu tafi tare. Ka gani da idonka. Amma kar ka ci komai."

Ni da na yi shekara da shekaru a bakin teku, ban taɓa shiga ta wuce gwiwa ba. Amma na riga na buɗe baki. Kuma saboda kar a ce na ji tsoro, da asuba na zauna na cinye burodin Agege guda da shayi mai kauri.

Burodin nan bai wuce igiyar ruwa ta uku ba. Kwale-kwalen ya miƙe tsaye kamar akuya za ta ci ganye, ya faɗo, ya sake miƙewa. Na rungume wani katako na tsakiya, na karanta duk abin da na haddace tun ina yaro, har da wanda na ɗauka na manta. Mutanen Kofi suna ta waƙarsu suna tsallake ni. Da rana ta ɗaga na ɗago kai, babu ƙasa ko ta ina. Na tambayi Kofi ina gabas, ya nuna. Kafin in daidaita zama, gabas ta koma bayana. Ya sake nunawa. Ta koma hagu. Na ce Allah Ya ga niyya, na yi addu'ata a inda fuska ta tsaya.

Can da cikina ya huce, na dubi ruwan. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Shuɗi garau, kana hango ƙasa-ƙasa kamar cikin kwalba. Na ce, "Kai Kofi, ashe haka cikin yake da kyau."

Ya dube ni kamar na yabi gawa.

"Kyau? Malam, wannan sahara ne. Sa hannu."

"Ba zan saki katakon nan ba."

"Sa ɗaya."

Na sa. Ɗumi na ji, irin na ruwan da aka surka wa jariri. A tsakiyar Agusta, a tsakiyar teku.

"Da, ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasa," in ji shi. "Shi yake ɗauko abinci ya kawo sama. Shi ne koren nan da kake gani. Ƙananan abu su ci, shawa ya ci ƙananan abu, kai ka ci shawa. Yanzu ruwan zafi ya kwanta a sama kamar murfin tukunya, na ƙasa ya kasa fitowa. Ruwa ya yi tsabta, ba komai a ciki. Kai in aka share kasuwa tas ba tumatir, za ka zauna?"

Suka zuba taru. Da suka fara ja sai na ga suna nishi, jijiyoyi sun tashi, igiya tana ƙara. Na manta da amai, na miƙe ina ihu, "Ga shi nan! Ai na faɗa!" Har na kama igiyar ina taya su. Abin da ya hau jirgi kuwa ciyawa ce, wata irin ciyawar teku ruwan ƙasa mai wari, tuli guda, wadda a zamanin Iya ba mu san ta ba. A cikinta akwai ledojin ruwa, da robar lemo, da silifa ƙafar hagu. Muka tona muka tona, muka tsinci shawa da ba ta cika tafin hannu biyu ba, kowace kamar yatsana.

Ba mu gama kallon juna ba inji ya yi tari ya mutu. Ciyawar ta naɗe farfela. Kofi ya kama wuƙa da haƙora ya faɗa ruwa, ni kuma aka miƙo mini yankakkiyar jarka aka ce in kwashe ruwan da ke shigowa. Na kwasa, na kwasa, ina kallon wurin da ya nutse. Ya fito ya shaƙi iska ya koma. Ya sake fitowa ya koma. A wannan zaman na yafe wa duk wanda ya taɓa fasa mini kifi da yatsa. Sai bayan la'asar injin ya yarda. Da ƙafata ta taɓa yashi na kwanta rub da ciki, gaɓar ma tana lilo da ni. Kofi ya ajiye mini 'yan kifin a gefen kai, ya ɗora silifar a sama.

"Kai wa Hajiya. Ka ce masa shi ne abin da muke ɓoyewa."

Washegari na kai mata. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu ta juya ta.

"Wannan shawa ce ko jikar shawa?"

Na ba ta labari tun daga burodi har silifa. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame, ta share hawaye, sannan ta ɗaure fuska ta ce, "To, na ji. Me baƙina za su ci?"

A nan bakina ya riga hankalina. Na ce tarwaɗa. Na san wani mai kiwonta a tankunan roba a Abule Egba, amma ban taɓa yin bandarta ba. Hajiya ta ce in ta ji ƙanshin taɓo a miyarta, in nemi wani gari.

Ita tarwaɗa da ranta ake sayenta, wannan ne ban yi lissafi ba. Na cika babban daro, na rufe da buhu, na ɗaure, na shiga danfo, bas ɗin haya, na ajiye a tsakanin ƙafafuna. Muna cikin tafiya direba ya faɗa wani rami, igiya ta tsinke. Jama'a, ba ku taɓa ganin tashin hankali ba. Kifi ya watsu ƙarƙashin kujeru yana bulala da jela. Wata mata ta ɗage ƙafafu ta ɗora a cinyar wani mai kwat da ba ta sani ba tana kiran Yesu. Mai kwat yana kiran kwandasta. Kwandasta, da yake a bakin ƙofa yake, ya riga ya sauka tun mota ba ta tsaya ba. Na bi ƙasa da rarrafe ina kamawa suna suɓucewa, ina ba mutane haƙuri da yare uku. Da na gama tattarawa na ga kamar da saura. Wata dattijuwa a kujerar baya ta rungume jakarta, tana kallon taga.

Na ce, "Mama, jakarki tana motsi."

Ta ce, "Wayata ce."

Na bar mata. Wanda ya iya riƙe tarwaɗa da hannu ɗaya ya saka a jaka ba a gani ba, ya ci halaliyarsa.

Kwana biyu na yi ina koyon abin da nake zaton na iya. Tarwaɗa sai an wanke yauƙinta da gishiri da ruwan zafi, a cire ciki tas, a lanƙwasa ta a soke jela da tsinke ta zama kamar gammo. Ba ta son gaggawa. Wutar da za ta gama shawa, ita ko ɗumi ba ta ji ba. Waje ya yi baƙi, ciki ɗanye. Zubin farko karnuka suka ci. Na biyu maƙwabta. Na uku na kai wa Hajiya. Ta kai hanci, ta lumshe ido, ta gutsura, ta daɗe tana taunawa.

"Ba shawa ba ce."

"Ba ita ba ce, Hajiya."

"Kawo sauran."

Ranar suna na laɓe a bayan rumfar masu wanke-wanke ina jiran hukunci. Abin da ya cece ni ban taɓa tunaninsa ba. Duk bikin da aka yi da shawa, sai an samu wanda ƙaya ta maƙale wa, a yi ta dukan bayansa ana ɗura masa loma. Ranar nan aka ci aka sha, ba wanda ya yi ko tari. Surukan Mushin suka nemi ƙari. Na ji Hajiya da kunnena tana gaya musu cewa ita ta daɗe da daina amfani da shawa, saboda lafiyar baƙinta, kuma da ƙyar ta shawo kan mai kifinta ya yarda.

Ba duka masu saye suka biyo ta ba. Tsofaffin da suka san ɗanɗanon shawar da, wasunsu har yau in sun wuce sai su tambaya, in girgiza kai, su wuce. Shawar takan zo jefi-jefi, shekarar da sanyin ya ɗan leƙo, amma ba ta isa a kafa sana'a a kanta ba. Wadda kuke gani a kasuwa yanzu, yawancinta a cikin kwali take zuwa, a daskare, daga tekun wasu.

Kofi ya ƙara 'yan shekaru yana kokawa, yana ƙona fetur yana kamo ciyawa, har mutanensa suka watse, wasu okada, wato acaɓa, wasu gadi. Da na kafa tankunana a Abule Egba na je na same shi zaune a inuwar kwale-kwalen da ya kife. Na ce ya zo ya kula mini da kifi. Ya ce shi da ya yi fama da teku tun yana saurayi ba zai yi gadin baho ba. Bayan sati biyu na gan shi a ƙofa da jakarsa.

Yana nan har yanzu. Shi ke ba su abinci, shi ke sauya ruwa, shi ke kamowa da kwando. Watan jiya aka kira ni a waya wai an kai shi kemis. Na je na tarar da hannunsa a naɗe, ya kumbura kamar burodi. Tarwaɗa ce ta kafta masa ƙayar gefenta. Mutumin da teku ba ta taɓa yi wa ko ƙwarzane ba.

Na ce, "To Kofi, yau dai ka rama. Bari in sa a yi maka farfesunta."

Ya kawar da kai.

"Malam, ni kifi nake ci. Wancan bai taɓa ganin igiyar ruwa ba, a baki ake ba shi abinci, yana kwana a ɗaki. Kaza ne mai gashin baki."